Hoton Hannuwana a Bangon Asibiti

Shekarun baya, abokina da muka zauna a benci ɗaya a firamare ya ɗauki hoton hannuwana ya rataye a bangon asibiti, mutanen Wudil suka wayi gari suna ce mini kuturu. Sana'ar da na gada wurin mahaifina a kan wannan hoton ta mutu, kuma mutumin nan bai taɓa ganin ya yi laifi ba. Na daɗe da rufe maganar. Kwanan nan ne wani daga cikinku 'yan wannan zaure namu na waya ya turo mini tambaya, wai ko ya kai mahaifiyarsa wurin masu binciken ciwon gaɓɓai, sai na ce bari in ba ku nawa labarin, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka. Ku yi haƙuri da rubutuna, ni a aji biyu na sakandare na tsaya.

Kifi nake soyawa a lokacin, kusa da gada, inda motocin Dutse da Bauchi da Maiduguri suke tsayawa. Wurin mahaifina ne, a nan na tashi. Da sassafe in sauka bakin kogi in karɓi tarwaɗa da karfasa wurin masunta, in kankare, in yanka, in wanke, in barbaɗa gishiri, kafin hantsi kasko ya hau wuta. Mai saye ya nuna wanda yake so, in ɗauko da hannuna, in ɓare masa, in zuba yaji, in naɗe a takarda. Duk wanda ya taɓa sayen kifi a tasha ya sani, ba fuskar mai kifi yake kallo ba. Hannunsa yake kallo, kada ya musanya masa da ƙarami, kada ya yi masa rowar yaji. Akwai direbobin da suka yi shekaru suna cin kifina, idan muka haɗu a masallaci ba sa gane ni. Amma hannuna kowa ya san shi, musamman na dama, saboda wani farin tabo da man suya ya yi mini tun ina yaro.

To a hannun nan ciwon ya fara. Da asuba in tashi in ji yatsuna sun sandare kamar an ɗaure su da waya, buta ma sai matata ta karkato mini ita in yi alwala. Sai rana ta ɗaga sannan su saki. Daga baya wuyan hannu ya kumbura, dama da hagu duka, gwiwa ma ta shiga layi. A hankali yatsun suka fara karkacewa waje guda, gaɓɓan suka yi ƙulu-ƙulu.

Babu abin da ban sha ba. Aka ce sanyi ne, saboda ina wasa da ruwa. Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya koma kamar rariya. Masu maganin nan da ke buɗe bayan mota ranar kasuwa da lasifika, duk sun san ni, ɗaya har "kwastoma" yake ce mini tun daga nesa. Na taɓa sayen wata kwalba da aka ce tana maganin sanyin ƙashi da basir da ciwon haƙori gaba ɗaya, na shanye tas, abin da na samu kwana biyu ina zarya bayan gida. Wani malami a Achika ya ce sammu ne daga abokan sana'a, na yi wata guda ina hararar mai tsiren da ke kusa da ni, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ana cikin haka abokin nawa ya zo. Shi ya ci gaba da karatu, ya yi makarantar kiwon lafiya, yana aiki a wani asibiti a gefen gari. Ya tsaya da babur ɗinsa yana kallona ina kokawa da wuƙa.

"Mutumina, miƙo hannun nan in gani."

Na miƙa. Ya jujjuya shi, ya danna, na ce wash.

"Da safe yana ƙagewa?"

"Kamar ƙafar kaza a firiji."

Ya yi dariya. "Allah ya kawo ka gidan sauƙi. Akwai likitocin ƙashi da gaɓɓai da suke zuwa mana daga birni, bincike suke yi a kan irin wannan ciwon. Ni ne nake tara musu mutane. Gwaji kyauta, magani kyauta. Ka daina shan ruwan kwatar nan na kasuwa."

Na je. Kuma bari in faɗi gaskiya, don ba zan yi wa kowa ƙarya ba ko da ina fushi: maganinsu ya yi aiki. Babbar cikinsu mace ce, likita mai natsuwa. Ta bi gaɓɓaina ɗaya bayan ɗaya tana dannawa tana tambaya ko da zafi, aka ɗebi jinina, aka yi hoton ƙashi, aka ba ni wani abu kamar ƙwallo in matse su ga ƙarfina. Ta ce ba sanyi ba ne, ba sammu ba ne, amosanin gaɓɓai ne, garkuwar jikina ce ta rikice take cin gaɓɓaina. Ta ce ba a ɗaukarsa, ba ya kuma warkewa gaba ɗaya, amma ana kwantar da shi. Ta ba ni wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, ta ja mini kunne sosai kada in kuskura in sha kullum. Cikin 'yan watanni kumburin ya saɓe. Yatsun da suka karkace ba su miƙe ba, amma na koma riƙe butata da kaina. Ranar da na fara yin haka matata har guɗa ta so ta yi, na ce ke rufa mana asiri.

Wata rana da hantsi abokin nawa ya zo wurin sana'ata da babbar waya.

"Likitoci suna son hoton hannunka. Ka san naka ya fito sosai, irin wanda ake nunawa a littafi ne."

Na ce, "Ba an yi hoton ƙashi ba?"

"Wannan daban. Na waje ake so. Ɗora su a kan tiren nan, ka baza yatsun. Yawwa. Kada ka damu, fuskarka ba za ta fito ba."

"Wa zai gani?"

"Likitoci mana. Wa kake tsammani, gwamna?"

Muka yi dariya. Na ɗora hannuwana a bakin tiren kifi, ya ɗauka, ya hau babur ya tafi. Na ma manta da zancen.

Abin bai zo mini lokaci ɗaya ba. Ciniki ne ya fara ja da baya. Mota ta tsaya, fasinja ya nufo ni, sai in ga ɗan kamasho ya raɗa masa wani abu, ya juya wurin mai rake. Matan da ke aiko yara da kwano kullum da yamma suka daina. In soya tire guda, magariba ta yi rabinsa na nan yana kallona. Na ce ko man ne ya canza, na canza mai. Na ce ko yajin ne, na sa matata ta daka sabo. Har farashi na rage kamar wawa.

Inda abin ya fara taɓa ni shi ne wurin ciyayya. A layinmu, bayan sallar magariba kowane magidanci yana fito da kwanon gidansa ƙofar gidan wani dattijo, a shimfiɗa tabarma, a wanke hannu a roba ɗaya, a ci wannan kwanon a ture a jawo wancan. Tun ina saurayi nake zama a wurin. Rannan na wanke hannu zan sa a tuwo, sai dattijon ya ce, "Dakata, ɗana." Ya sa hannu a aljihu ya fito da cokali. A aljihu fa. Wato tun daga gida ya shirya.

"Ka ci da wannan, kada miyar ta ƙona maka hannu, tunda yana ciwo."

Na ce, "Baba, ai da sauƙi yanzu, ni da nake tsamo kifi a mai."

"Duk da haka dai."

Babu wanda ya ɗago ya kalle ni. Na karɓa na ci, ina cewa a raina tausayi ne. Washegari aka ɗebar mini nawa a wani ɗan kwano daban, wai don kada in wahala da miƙa hannu. Rana ta uku aka ci kwanon kowa, na gidana ko murfinsa ba a ɗaga ba. Na ɗauko shi da nauyinsa na shiga gida. Matata ta buɗe, ta ga tuwonta yadda ta kwashe shi, ta dube ni.

"Maigida, gishiri ne ya yi yawa?"

Na ce ban sani ba. Ta ɗanɗana miyar, ta sake ɗanɗanawa, ta rasa abin da ta yi. Wallahi wannan tsayuwar da ta yi da ludayi a hannu ta fi komai ƙona mini rai.

Wani direban Maiduguri ne ya fasa mini ƙwan. Irin mutanen nan ne da ba su iya ɓoye magana ba. Ya tsaya nesa da teburina kamar mai tsoron kare, ya ce, "Mai kifi, tsakani da Allah, kai ma ka san bai dace ba. Mutum yana da wannan larurar ya riƙa taɓa abincin jama'a?"

"Wace larura?"

"Haba! Kuturta mana. Kowa ya gan ka a bangon asibiti."

Na bar kaskon a wuta, na tari ɗan acaɓa.

Ga ta nan kuwa. Ƙatuwar fosta ta leda, ta fi ƙofar ɗaki faɗi. Hannuwana biyu, kowane ya kai girman faranti, yatsu a karkace, farin tabon nan ya fito ɓaro-ɓaro. A ƙarƙashinsu ga tirena, ga karfasa a jere, har koren fentin teburina ya fito. Fuska dai babu, wannan alkawarin ya cika shi. A sama an yi dogon rubutu da Turanci wanda ni ma da ƙyar na haɗa rabinsa, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce wanda hannunsa ya yi haka ya zo a duba shi kyauta. Kuma a duk faɗin asibitin nan, ina suka ga ya dace su rataye ta? A bangon ɗakin da ake ba da maganin tarin fuka da kuturta, daidai ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunan ɗakin. Daga baya na tambaya me ya sa, aka ce wai nan ne kaɗai ke fuskantar titi kuma akwai ƙusoshi a jiki.

Ina tsaye ina kallonta, sai wani tsoho da ke zaune a bencin ɗakin, wanda shi larurar ce ta kawo shi da gaske, ya kalli fostar, ya kalli hannuna.

"Malam, kai ne?"

Na ce ni ne.

"Yana maka zafi?"

"Sosai."

Ya girgiza kai. "To ba irin namu ba ne. Namu ba ya jin komai." Ya ɗan matsa ya ba ni wuri a bencin. "Zauna ka huta. Sun fara ware maka kwano ko?"

Na zauna kusa da shi.

Na samu abokin nawa a ofis yana shan lemo a ƙarƙashin fanka. Na ce, "Ka ce mini likitoci ne kawai za su gani."

"Af, fostar? Ai ba ka fito ba. Babu fuska, babu suna. Haka ƙa'idar take, kuma mun bi ta."

"Tirena fa? Tabona fa? A garin nan wa ya san fuskata? Da fuskar ka sa ka ɓoye hannun, da ya fi mini."

Sai ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi, har da buga tebur. "Kai mutumina, ba ka rabo da abin dariya. Wai kuturta! Jahilci ne kawai irin na mutanenmu. Ka share su, kwana biyu za su manta."

"Ba a cin kwanon gidana."

"Wannan kuma ai sai wayar da kai. A hankali."

Na ce ya sauke ta yanzu. Ya gyara zama, ya sauya murya ta koma irin ta ma'aikata. Wai fostar ba tasa ba ce, ta masu bincike ce, sai an nemi izini daga birni. Wai kuma ba su gama samun adadin mutanen da suke nema ba, kuma tunda aka rataye ta mutane ke ta zuwa daga Darki da Dagumawa, tsofaffin da suka yi shekaru a ɗaki. "Hoton nan naka taimako yake yi. Lada kake samu, ba ka sani ba."

Na ce, "To na ji. Abu ɗaya nake roƙonka. Gobe ranar kasuwa ce. Ka zo da farar rigar nan taka, ka zauna a bencina, in ɓare maka kifi ka ci a gaban mutane. Kai ɗan gari ne, an san aikinka. Idan aka ga ka ci, magana ta ƙare."

Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. In sha Allahu zan shigo."

Na zaɓi tarwaɗa mafi girma na ajiye masa. Har aka yi la'asar ina leƙen titi. Bai zo ba. Mako na gaba ya ce taro aka kira su birni. Na gaba da shi ya daina ɗaukar wayata.

Ni na sauke fostar da kaina. Na je da rana tsaka da wuƙar kankare kifi, don yatsuna ba za su iya kwance igiya ba, na yanke ta ta faɗo, na naɗe ta na saɓa a kafaɗa. Mai gadi ya biyo ni yana "Malam, Malam, kayan gwamnati ne!" Na ce masa, "Hannun gwamnati ne a jiki?" Ya tsaya. Na kai ta gida na cusa a murhu, warin leda ya cika unguwa. Amma aikin banza na yi. Tuni 'yan tasha sun ɗauke ta a waya, tana yawo daga wannan zuwa wancan, har da rubutu a ƙasa wai a yi hattara da kifin bakin gada. Sauke ta da na yi ma sai ya zama hujja. Aka ce ka gani, yana ɓoyewa.

Ranar da likitar ta zo daga birni na gaya mata komai. Ita kam ranta ya ɓaci, na ga alama. Ta ce ita an nuna mata hoton a waya ta amince, ba ta san a wurin sana'ata aka ɗauka har ana gane ni ba, ba ta kuma san inda aka rataye ba. Ta ba ni haƙuri har ban san sau nawa ba. Ta ce za ta rubuta mini takarda da hatimi cewa ba ni da kuturta. Na ce, "Likita, in liƙa ta a ina? A goshina ko a jikin kasko?" Da ta tashi aiki sai ta sa direbanta ya biyo ta wurina, ta sauko da kanta ta sayi kifi mai yawa. Niyyarta mai kyau ce. Sai dai ba ta ci a wurin ba, mace ce, ba za ta zauna a bencin tasha tana tsotsar ƙaya ba. Aka naɗe mata ta shiga mota. Kafin motar ta hau gada, labari ya zaga cewa likita ta zo ta ɗebi kifin za a kai gwaji.

Daga nan na san an gama da ni. Na ƙara jurewa har damina ta wuce, kullum ina kwaso kifi ina mayarwa gida, yarana suka ci kifi har suka tsane shi. Masuntan da suke ba mahaifina kaya tun kafin a haife ni suka fara kai wa wani. Ranar da na kife kaskon na ɗora shi a baro, mai tsiren nan da na taɓa zargi da sammu shi kaɗai ya taso ya kama mini. Wurin yanzu wani ne a ciki, kifi yake soyawa, da safar leda a hannu.

Yau igiya nake sayarwa a kara, kasuwar dabbobi, ta ɗaure shanu da tumaki. Na zaɓe ta ne don ba a cin ta. Alhamdulillahi ana samun na tuwo. Binciken nasu ya ƙare tuntuni, maganin yanzu ni nake saye, wata in samu wata in rasa, kuma ina zuwa birni ana duba jinina. Mutanen gari kuwa, da suka ga shekara ta zagayo, wata ta sake zagayowa, yatsuna goma suna nan babu wanda ya guntule, sai suka fara dawowa da kansu. Babu wanda ya ce mini yi haƙuri. Sai dai "ai mu dama mun san ba ita ba ce." Dattijon layinmu ya aiko har gida wai an daina ganina a wurin ciyayya, lafiya? Na ce a gaya masa lafiya lau. Ban koma ba. A tsakar gida nake cin tuwona da matata, kwano ɗaya, wanda a da sai in ce abin kunya ne.

Shi ya sa wanda ya tambaye ni game da mahaifiyarsa, amsata ita ce ka kai ta. Ciwon nan yana da magani, kuma gara a tare shi kafin yatsu su karkace irin nawa. Amma ka tsaya a kanta. Duk abin da za a ɗauka a jikinta, jini ne ko hoto, ka tambaya ina za a kai shi, wa zai gani, a wane bango. Su a wurinsu idan an yanke fuska an ɓoye mutum. Wataƙila haka ne a birni. A nan ana gane mace da lallen ƙafarta, ana gane manomi da tafiyarsa daga bayan gona. Mutanen gari na yafe musu rabi, tsoro ne da rashin sani. Likitar na yafe mata duka. Abokin nawa ne dai na kasa yafe wa. Shi ɗan garin nan ne, a tasha ya girma kamar ni, ya san abin da kalmar nan take yi wa mai sayar da abinci. Har yau idan na wuce ta gada na ji ƙamshin mai, sai in kau da kai in ƙara sauri.

Bara, ana saura kwanaki babbar salla, kara ta cika ta batse, sai ga abokin nawa. Ya yi ƙiba, ya samu ƙarin girma, mota ce yanzu ba babur ba. Na zaci rago ya saya yake neman igiya. Ashe ni yake nema. Ya kutso tsakanin masu igiya da fara'arsa kamar jiya muka rabu.

"Salamu alaikum! Mutumina! Ka ɓuya. Ka ga yadda ka yi kyau? Kumburin duk ya tafi." Yana magana yana laluben waya a aljihu. "Likitocin nan ne suka dawo, suna bibiyar waɗanda aka yi wa magani a ga yadda suka ƙare. Na ce musu ai ga nawa nan, shi ne na farko. Hoto ɗaya kawai, a haɗa da na da, a ga bambanci."

Ya miƙo mini hannu. Duk masu igiya suna kallo, da Fulanin da ke ciniki, da dillalai.

Na amsa sallamar, don wannan ba tawa ba ce da zan hana. Hannuwana kuwa na bar su a kan cinyata. Ya tsaya da nasa a miƙe, murmushin yana raguwa. Na ce masa:

"Mayar da hannunka, Malam. So kake a ga yadda na ƙare? To kalla da kyau, ba sai da waya ba. Ka same ni da kaskon ubana a bakin gada, ga ni a cikin kashin shanu ina sayar da igiya. Je ka gaya musu haka, ka ce kai ka yi. Loma ɗaya na roƙe ka, kai da ka fi kowa sanin ba a ɗaukar ciwon nan, ka kasa. Mutanen da kake kira jahilai tsoro ne ya hana su ci. Kai me ya hana ka? Na yi shekaru a garin nan ina miƙa hannu ana yi kamar ba a gani ba. Yau ka ji yadda abin yake. Hannun nan ka ɗauke shi sau ɗaya, ya ishe ka. Ba za ka ƙara ɗaukarsa ba, ba za ka taɓa shi ba, ko gawata aka fito da ita kada ka sa naka a makarar. Matsa, kana tare mini masu saye."